Hajiya na da katin zama na Amurka: sai da biza za ta hau jirgin ruwan shaƙatawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Mabera, nan Sakkwato. Innarmu na da katin zama na dindindin na Amurka, wanda ake ce wa girin kad, yayanmu da ke Houston ne ya nema mata. Ta zo gida wata takwas ke nan. Yanzu yaya ya ce nan da wata biyar zai kai ta yawon shaƙatawa cikin jirgin ruwa, ita da ƙanwarmu mai bizar ziyara ta Amurka. Tafiya biyu ya kawo a zaɓa: ko daga tashar Galveston da ke kusa da Houston zuwa Meziko a dawo, ko daga Basalona ta ƙasar Sifaniya a zaga Faransa, Italiya, Girka da Turkiyya. Ya ce mai kati ba ya buƙatar biza ko'ina, kuma ko ana buƙata, in ba ta sauka daga jirgi ba babu ruwan kowa da ita. Haka abin yake?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa yayanku da alheri. Ɗa ya ce zai kai mahaifiyarsa ta ga teku da idonta, ai wannan abin a sa masa albarka ne. Sai dai maganarsa ta farko rabinta ne kawai daidai, ta biyun kuwa ba daidai ba ce ko kaɗan. Sannan akwai abu na uku da ka faɗa a wucewa, wato wata takwas ɗin da Hajiya ta yi a gida, kuma shi ya fi duk zancen biza tayar mini da hankali. Zan zo kansa, ka daure ka karanta har can.

Katin zama bai canja wa Hajiya ƙasa ba. Izini ne Amurka ta ba ta na ta zauna a cikin Amurka, ta kuma koma idan ta fita. Har gobe 'yar Najeriya ce, kuma duk tashar da jirgin ya tsaya, koren fasfonmu za a fara dubawa. Ɗauki mutumin Birnin Konni da ya shekara ashirin da shago a Tsohuwar Kasuwa, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'ya a nan. Ranar da ya tashi zuwa Umra, Saudiyya ba za ta tambaye shi shekara nawa ya yi a Sakkwato ba, fasfonsa na Nijar za ta duba. Haka Hajiya take a wajen sauran ƙasashe. Abin da ke akwai shi ne, wasu ƙasashe, yawancinsu maƙwabtan Amurka, sun ce duk wanda Amurka ta tantance ta ba shi kati su ma sun yafe masa biza. Alfarma ce, kowace ƙasa da irin tata, kuma wadda ta ga dama tana iya janyewa.

Na san inda yayanku ya jiyo zancensa. Tun watan Yunin 2009 Amurka ke da wata ƙa'ida cewa ɗan ƙasa, idan jirgin ruwa zai tashi daga tasha a Amurka ya dawo wannan tashar, yana iya tafiya da takardar haihuwa da katin shaida mai hoto, ba sai da fasfo ba. Abokan aikinsa Amurkawa suna zuwa su dawo su ce ba a nemi komai ba, kuma gaskiya suke faɗa, don su 'yan ƙasa ne. Mai katin zama kuwa, katinsa zai buɗe masa ƙofar Amurka idan ya dawo, amma ƙasar da aka je da kamfanin jirgin fasfo suke so su gani tare da katin.

Tafiyar Meziko ita ce mai sauƙi, kuma a nan yayanku ya yi daidai. Meziko ba ta neman bizar ziyara daga mai katin zama na Amurka, haka mai na Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shigarsu da biza ɗaya. Ban da wannan ma tana da sassauci na daban ga fasinjan jirgin ruwa da ya sauka ya zaga gari ya koma cikin jirginsa. Don haka idan jirgin zai tsaya Cozumel da Progreso ne ya juyo Galveston, fasfo mai rai da kati mai rai sun wadatar da Hajiya. Bahamas ma tana karɓar mai katin Amurka ba tare da biza ba har kwana 30. Tsibiran da ke ƙarƙashin Holan, irin su Aruba da Curaçao, su ma haka. Kanada tun watan Afrilun 2022 ta ce mai katin Amurka ya zo da fasfonsa da katinsa kawai. Puerto Rico kuwa yankin Amurka ce, zuwa can bai zama fita ƙasa ba. Barbados ma ko babu kati, fasfon Najeriya kaɗai yana shiga. Amma kada wannan ya sa a ɗauka cewa duk yankin Karibiyan abu ɗaya ne. Tsibiri biyu da ake hango juna daga gaɓa, wannan na Faransa, wancan na Birtaniya, na gaba ƙasa ce mai cin gashin kanta, kowa da dokarsa. Sai an karɓi jerin tashoshin a rubuce an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu da ke kama mutane shi ne tafiyar da a suna cikin Amurka take. Za ka ji an ce Alaska, ko Hawayi, ka ce ai gida ne. Amurka na da tsohuwar doka ta 1886 da ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa jigilar fasinja tsakanin tashoshinta ba tare da ya taɓa ƙasar waje ba, kuma kusan duk manyan jiragen nan a waje aka yi musu rajista. Shi ya sa jirgin Alaska da ya tashi daga Seattle ke tsayawa Victoria a Kanada ko da na 'yan sa'o'i ne, na Hawayi daga Kalifoniya kuma ya ratsa Ensenada a Meziko. Ga Hajiya wannan ba matsala ba ce. Ga ƙanwarku matsala ce babba, don bizar ziyara ta Amurka ba ta yafe wa ɗan Najeriya bizar Kanada.

Yanzu zancen "ba za ta sauka ba". Wallahi wannan zancen ya ci kuɗin mutane da yawa. Jirgi na ɗaure igiya a tasha, duk wanda ke ciki ya shiga ƙasar a idon doka, ko yana kwance a ɗakinsa. Kamfani na miƙa wa jami'an shige da fice sunayen fasinjoji kaf tun kafin a iso, kuma shi ake ci tara idan ya kawo wanda ba shi da takarda. Don haka ba a can ake tare mutum ba, tun a tashar farko ake tare shi, a teburin da ake karɓar fasfo a ba da katin shiga jirgi. Kuma a sharuɗɗan tikitin an rubuta cewa haɗa takardu nauyin fasinja ne, wanda aka hana hawa saboda rashinsu ba a mayar masa da kuɗi.

Na ga wannan kusa da ni. Wani likita ɗan garin nan, ya daɗe a Ingila har ya sami izinin zama na dindindin, ya biya wa kansa da iyalinsa tafiyar mako ɗaya daga Southampton zuwa Norwe. A tunaninsa daga Ingila za a tashi, Ingila za a dawo, Norwe kuma ba ta cikin Tarayyar Turai. Duka gaskiya ne. Abin da ya kuskure shi ne Norwe na cikin Shengen, kuma zaman Ingila ba ya ba ɗan Najeriya shiga Shengen. Ya kira ni daga tashar, ina jin hayaniyar yara a bayansa. An riga an karɓi akwatunansu an liƙa musu lambar ɗaki. Ma'aikaciyar ta buɗe fasfonsa shafi bayan shafi har ta kai bango, ta sake komowa daga farko, sannan ta kira na gaba da ita. 'Ya'yan, da yake fasfon Ingila gare su, an ce su wuce. Shi da maiɗakinsa aka ce a'a. Ya ce sun yarda ba za su taka ƙasa ba, aka ce ba a yin haka. Suka zauna kan benci har aka fito musu da kayansu, ƙaramar ɗiyarsa na riƙe da hular da aka saya mata don tafiyar. Babu abin da na iya yi masa daga Sakkwato ban da ba shi haƙuri. Tun ranar ba na barin kowa ya biya kuɗin jirgin ruwa sai na ga jerin tashoshi da idona.

To, tafiyar Basalona irin wannan ce. Sifaniya, Faransa, Italiya da Girka duk Shengen ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ke yafe wa mai katin Amurka biza. Abin da katin ke yafewa a Turai shi ne bizar ratse a filin jirgin sama, wadda ake nema daga ɗan Najeriya ko da canjin jirgi kawai zai yi. Wannan ita ce iyakar alfarmar. Idan kun ji ana zancen wani izini da ake cikewa a intanet cikin minti kaɗan don shiga Turai ko Ingila, na ƙasashen da dama can ba a neman biza daga gare su ne, babu Najeriya a ciki. Hajiya cikakkiyar biza za ta nema: kuɗinta Yuro 90 tun watan Yunin 2024, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da aka bayar cikin shekara goma da suka wuce, mai shafi biyu babu komai, wanda zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar fita. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a tafi. Hukunci kan ɗauki kwana 15, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawar ma a lokacin bazararsu wani aiki ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biza ɗaya ta isa duk ƙasashe huɗun, amma a kula da abu biyu. Na ɗaya, ofishin jakadancin da za a je shi ne na ƙasar da za a fi yin kwanaki a cikinta, in sun yi daidai sai ta farkon shiga. Idan za su kwana biyu a Basalona kafin hawa jirgi, mai yiwuwa Sifaniya ce, amma in jirgin zai tsaya tasha uku a Italiya sai a zauna a ƙirga. Na biyu, kuma nan ne Turkiyya ta shigo: Turkiyya ba Shengen ba ce. Jirgi ya bar Girka ya tsaya Turkiyya, an fita ke nan. Ya juyo Italiya, sabuwar shiga ce. Wanda aka ba biza mai shiga ɗaya, tasa ta ƙare tun a tsakiyar teku. Dole a rubuta a fom cewa ana neman mai shiga da yawa, a haɗa da jerin tashoshin jirgin don jami'in ya ga dalili, kuma ranar da aka karɓo fasfo a duba abin da aka buga kafin a bar wurin. Ita kanta Turkiyya a tambayi ofishin jakadancinta da kamfanin jirgin, a rubuce, abin da suke so daga mai fasfon Najeriya, a ajiye amsar cikin jakar takardu.

A ina za a nemi bizar? Ƙa'idar Shengen ita ce mutum ya nema a inda yake zaune. Sifaniya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Houston. Wani zai ce tunda Hajiya na gida a kai ta Abuja ko Legas mana. Ni ba na ba da wannan shawarar, don fom ɗin zai tambaye ta inda take zaune, in ta rubuta Mabera ta sa hannu, ta shaida da kanta cewa zamanta ba Amurka ba ne. Wannan ya kawo mu kan abin da na ce ya fi damuna.

Ka ce wata takwas ta yi, tafiya kuma saura wata biyar. Takwas da biyar sha uku. Mai katin zama da ya wuce kwana 180 a waje, idan ya dawo ana ɗaukarsa kamar mai neman shiga, jami'i na da damar ya zaunar da shi ya tambaye shi ina ne gidansa na gaskiya. Hajiya ta riga ta wuce wannan. Idan ta cika shekara ɗaya cur a waje, katin kansa ya daina aiki a matsayin takardar komawa, ko da kwanan watan da ke jikinsa na nuna saura shekara bakwai. Kamfanin jirgin sama na iya ƙin ɗaukarta. Abin da ya rage a lokacin shi ne neman bizar SB-1 ta mazaunin da ke komawa, a ofishin jakadancin Amurka, inda sai ta nuna cewa wani abu da ya fi ƙarfinta ne ya tsare ta, kamar doguwar jinya. Bikin jika da zaman azumi a gida ba sa shiga wannan lissafi. Akwai takardar izinin komawa da ake nema da fom I-131, mai kai shekara biyu, amma sai mutum na cikin Amurka yake nemanta, ba a yi daga Sakkwato.

Na fahimci iyayenmu sarai. Tsohuwa ta saba da maƙwabta, da masu shigowa gaisuwa tun hantsi, da furarta, a kai ta inda kowa ke fita aiki a bar ta da talabijin. Dole ta so gida. Amma Amurka ba ta ba da katin don a riƙa leƙawa ba, kuma zuwa na mako biyu duk shekara ba ya tsare shi, jami'ansu sun san wannan salon. Kwanakin cikin jirgin ruwan ma waje ake lissafa su. Idan iyali sun ga Hajiya ta fi son zaman Sakkwato, wannan magana ce da za ku zauna ku yi da yayanku da lauyan shige da fice, a yanke ta da sani. Abin da ba na so shi ne a yanke mata ita a filin jirgi tana gajiye, ba ta jin Turanci sosai. Ku gaya mata tun yanzu: idan aka miƙo mata wata takarda mai lamba I-407, ta sallama katin ce, sa hannu a kanta ganin dama ne, kuma tana da haƙƙin ta ce a kai maganar gaban alƙalin shige da fice. Kada ta sa hannu a abin da ba a fassara mata ba.

Sai kuma su takardun kansu. Ka karɓi katin ka duba ranar ƙarewarsa. In ya ƙare ko ya kusa, fom I-90 ake cikewa, kuma tun watan Satumban 2024 rasiɗin da ake bayarwa na ƙara wa katin wata 36, amma sai an riƙe rasiɗin na asali tare da tsohon katin, hoto a waya ba ya yi. Fasfo kuma, yawancin kamfanonin jiragen ruwa na son ya ƙara wata shida bayan ranar sauka. In nata ya kusa, a sabunta shi a ofishin shige da fice na nan tun tana gida, ya fi sauƙi a kan jiran layi a Atlanta, New York ko Washington. Sannan suna. Wannan ciwonmu ne mu Hausawa: fasfo ya ce Aishatu, kati ya ce Aisha, NIN na ɗauke da sunan mahaifi, ɗa kuma ya sayi tikiti da sunan mahaifinsa don shi ya sani. A jera fasfo da kati da tikiti kan tabarma a karanta harafi bayan harafi, tikitin ya bi fasfo.

Ƙanwarku kuwa hukuncinta daban ne gaba ɗaya, kada a haɗa ta da Hajiya. A watan Yulin 2025 Amurka ta sanar da cewa yawancin bizar ziyara da za ta riƙa ba 'yan Najeriya ta wata uku ce, shiga ɗaya. Ta buɗe fasfonta ta duba wurin da aka rubuta adadin shiga: harafin M na nufin shiga da yawa, lamba 1 ko harafin S kuwa shiga ɗaya ce. Mai shiga ɗaya ta cinye tata ranar da ta sauka Houston, jirgin ruwan kuma zai fita da ita ya dawo da ita bakin jami'an Amurka a karo na biyu. Kamfanoni kan nemi biza mai shiga da yawa daga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mai kati ba. Kada a biya mata ko sisi sai kamfanin ya amsa a rubuce, kuma a duba ko bizar za ta kai nan da wata biyar ɗin ma.

Katin allurar shawara a haɗa da shi, don wasu ƙasashe, har da Bahamas, na nemansa daga wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar, Najeriya kuwa na ciki. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, kuma mai shekaru irin na Hajiya a fara jin ta bakin likita kafin a yi mata. A saya mata inshorar tafiya ta daban, don asibitin cikin jirgi kuɗi ne, kuma idan aka sauke mara lafiya a wata tasha, da fasfo da kati a hannu ne kawai za a iya sa shi a jirgin sama. Saboda haka ko yawon sa'a biyu za a sauka, a san wanda ke riƙe da takardunta.

In da ni ne, Hajiya za ta bar Sakkwato cikin wata mai kamawa, ba za ta jira lokacin jirgin ruwa ba. Ta tafi da abin da ke nuna zamanta a can: adireshin gidan yayanku, takardun asibitinta, asusun banki in akwai, da dalilin daɗewarta a gida. Ta zauna, a yi tafiyar Meziko daga Galveston, wadda awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota daga Houston kuma ba ta buƙatar ko tambari ɗaya daga wani ofishin jakadanci. Ta Basalona a bar ta sai wata shekara, a nemi bizar daga Houston cikin natsuwa. Yau ɗin nan ka buɗe fasfonta ka nemo tambarin ranar da ta sauka Najeriya, ka ƙirga kwanakin da kanka daga ranar da ta bar Amurka, don "wata takwas" a bakin tsofaffi wani lokaci goma ne. Ka aika wa yayanku adadin kafin ya biya kuɗin kowane jirgi. A gaida Hajiya.